Hakin Rago da Tarihin Zango

Babbar Sallar shekarar 1999 ta faɗo ne a ƙarshen watan Maris, lokacin da Lome take kan ganiyar zafinta. Ina ɗan shekara goma sha huɗu, muna zaune a Adidogome, kan hanyar Kpalime, inda kakana ya kafa gida bayan an tashi tsohon Zangon Lome. Sana'ar gidanmu saukar baƙi ce: fatake masu dabbobi su sauka wurin mahaifina, ya ba su masauki da turke, ya nemo musu mai saye, ya karɓi la'adarsa. Ana saura kwana biyar Sallah wani baƙonmu ya iso daga Maraɗi da mota cike da raguna. A cikinsu akwai wani farin balami mai dogayen ƙafafu, tsayinsa ya kusa kai ƙirjina. Baba ya ware shi, ya ce wannan na manya ne, ya ɗaure shi a rumfar kwano da ke bayan gida, ya ce ni zan kula da shi.

Ni kuwa sai na ɗauki aikin da zafi. Safe dusa, rana dusa, yamma harawa, wai don ya ƙara ƙiba kafin ranar kasuwa. A rana ta biyu na ga cikinsa yana bugawa da sauri, bakinsa a rufe, hancinsa yana hurawa. Na ɗauka gajiyar mota ce. A rana ta uku da azahar ya buɗe baki, harshe a waje, miyau yana dalala, ya sunkuyar da kai, ko kallon ƙwaryar dusa bai yi ba. Kafin la'asar ya durƙushe. Baba ya sa masa wuƙa don kada ya zama mushe, alhali saura kwana biyu Sallah. Mahauta suka sayi naman a kuɗin da bai kai rabin farashin ragon ba, Baba ya cika wa baƙonsa sauran daga aljihunsa, tunda a turkensa dabbar ta lalace.

Da dare na sami kakana a kan tabarmarsa. Na ce, "Kaka, mai ragon nan ya ce zafin Maraɗi ya fi na nan nesa ba kusa ba. To yaya ragon da ya jure na can zai faɗi a na nan?"

Ya dube ni ya ce, "Ja'iri, iskar can mai ƙishirwa ce, ta nan kuwa ƙosasshiya ce, ba ta shan ruwa. Kai kuma ka hura masa wuta a ciki da tsakar rana, ka kifa masa kwano a ka."

Na daɗe ban fahimci wannan magana ba. Da na fahimce ta sai na ga ba labarin rago ɗaya kawai ta ƙunsa ba. Yadda dabba take sarrafa zafin jikinta da numfashinta yana da hannu a lokacin tashin ayari, da inda ake yada zango, da yadda maigida ya zama ginshiƙin cinikin dabbobi a garuruwan kudu. Abin da nake son mu duba ke nan.

Mu fara da wutar da Kaka ya ambata. A hunturun 1782 zuwa 1783 wasu Faransawa biyu, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, suka sa ɓeran Masar a cikin akwatin da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar, suka auna iskar da yake fitarwa, suka gano cewa numfashi ƙonewa ce a hankali: abinci shi ne itacen, iskar da ake shaƙa ita ke hura wutar. Wannan wuta ba ta mutuwa muddin akwai rai, kuma dole jiki ya riƙe ta a ma'auni ɗaya. Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyos, na saniya kimanin 38 da rabi, na tunkiya da akuya kimanin 39, na kaza kimanin 41. In ya haura haka da digiri uku ko huɗu, rai ya shiga haɗari.

Dabbobi masu tuƙa suna da murhu na biyu, wato tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke ruɓar da ciyawa da dusa har dabba ta amfana, aikinsu kuwa yana fitar da zafi, musamman a 'yan awowin da ke bin cin abinci. Shi ya sa dabbar da zafi ya dama take rage ci da kanta. Ƙwaryar dusar da nake cika wa balamin nan da hantsi, wutarta tana kamawa ne daidai lokacin da kwanon rumfa ya ɗauki rana.

To ina zafin yake fita? In iska ta fi jiki sanyi sosai, ta fata yake fita. Amma in zafin iska ya matso kusa da na jiki, hanya ɗaya ce ta rage: ruwa ya bushe daga jiki ya tafi da zafin. Duk wanda ya sha ruwan randa a ƙasar Hausa da bazara ya san wannan. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, busasshiyar iska ta ɗauke shi, na ciki ya yi sanyi ƙarara. Lita ɗaya ta ruwa in ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kimanin kilokalori 580. Mutum da doki da jaki da gumi suke wannan aiki. Saniya tana haɗa gumi da haki. Tunkiya da kare kuwa sun fi dogara ga haki: suna hura iska a kan jiƙaƙƙen cikin hanci da maƙogwaro don ruwan wurin ya bushe. Tunkiyar da take numfashi sau ashirin zuwa talatin a minti ɗaya in tana hutawa, zafi yana iya kai ta sau ɗari biyu ko fiye. Tumaki da awaki da shanu da raƙuma suna da wani curin ƙananan jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa, inda jinin da ya huce a hanci yake sanyaya jinin da zai hau kai. Doki ba shi da shi.

Hakin ma hawa biyu ne. Na farko gajere ne mai sauri, baki a rufe, wanda na gani a rana ta biyu. In bai wadatar ba sai dabba ta koma dogon numfashi mai zurfi, baki a buɗe. Wannan yana gajiyar da ƙirji, yana ƙara zafi a kan zafi, yana kuma ɓata ma'aunin jini saboda yawan iskar da ake fitarwa. Dabbar da ta kai nan ta kusa ƙarewa.

Sharaɗin duk wannan dabara shi ne iska ta kasance da ƙishirwa. A Maraɗi cikin Maris laimar iska sau da yawa ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, don haka ko ma'auni ya nuna digiri 40, hakin rago yana aiki. A Lome zafin rana bai cika wuce digiri 33 ba, amma laimar da teku ke turowa tana kai kusan kashi 80. Mu da muke nan mun san wankin da yake wuni a igiya bai bushe ba, mun san randar da ba ta sanyi. Hancin rago ma haka yake zama.

Dabbobin arewa an gina su ne don busasshen zafi. Dubi balami da uda, dubi bunaji da rahaji: dogayen ƙafafu da ke ɗaga jiki daga ƙasa mai ƙuna, gajeren gashi, fata mai yalwa. Shanu masu tozo sun fi shanun Turai iya gumi, wutar jikinsu kuma ba ta kai ta waɗancan ci ba. Sarkin wannan fanni shi ne raƙumi. A 1953 da 1954 Knut Schmidt-Nielsen, masani haifaffen ƙasar Norwe, da abokan aikinsa sun yi ta auna raƙuma a Beni Abbas cikin saharar Aljeriya. Suka ga raƙumin da bai sha ruwa ba yana wayar gari da zafin jiki digiri 34, ya bar shi ya yi ta hawa har ya wuce 40 da yamma, sa'an nan ya sauke shi cikin sanyin dare ba tare da ya yi asarar gumi ba. Ga raƙumi mai nauyin kilo 500, wannan ya tanada masa ruwa kimanin lita biyar a yini. Tozonsa kuma kitse ne, ba salkar ruwa ba. Sai dai dabarar tana buƙatar dare mai sanyi da busasshiyar iska, abubuwan da bakin teku ba shi da su.

Dabbobin da suka samo asali a kudu kuwa gajeru ne. Shanun bakin tafki na kudancin Togo da Benin, waɗanda Faransawa ke kira Lagune, da ƙyar suke kai mita ɗaya a tsayi, dangin muturu ne na Nijeriya. A ƙasar Tamberma ta arewacin Togo akwai shanun Somba. Tumakin Jalonke da gajerun awakin da ke yawo a lungunan Adidogome ba su cika wuce kilo talatin ba. Ƙaramin jiki yana da fata mai yawa in an gwada da nauyinsa, don haka zafi ya fi saurin fita daga gare shi ko da gumi da haki ba su yi aiki sosai ba.

Kada in ɗora wa laima laifin da ba nata kaɗai ba. Babban mai kisan dabbobin arewa a kudu shi ne sammore, cutar da ƙudan tsando ke ɗauka, wadda David Bruce ya nuna alaƙarta da ƙudan a ƙasar Zulu a 1895. Amma ita ma ta ƙofar zafin jiki da numfashi take shiga: tana kawo zazzaɓi, tana cinye jini, jinin da ya ragu kuwa ba ya ɗaukar isasshiyar iska, sai dabba ta riƙa haki a ɗan taƙi kaɗan, ta rame. Gajerun dabbobin kudu suna jure sammore. Dogayen na arewa ba sa jurewa.

Yanzu sai mu koma ga fatake. Ayarin goro da ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja da rani yake tafiya, ya haye Kwara, ya bi ta Nikki da Zugu ya ratsa ƙasar Kotokoli, wani kuma ya bi ta Sansanne Mango da Yendi, har Salaga. A 1826 Bature Hugh Clapperton ya haɗu da irin wannan ayari a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, mutane sama da dubu, dabbobin kaya kusan yawan haka. Jakuna ne da takarkarai suke ɗaukar kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Rani ake zaɓa domin koguna sun janye, tsando ya ragu ya koma bakin rafuka, iska kuma ta bushe. Da asuba madugu yake tada ayari, kafin rana ta take a sauke kaya, dabbobi su sha ruwa su yi kiwo da la'asar. Nisan da ke tsakanin zango da zango, nisan da jaki mai kaya zai iya ne kafin rana ta fi ƙarfinsa, kuma inda akwai ruwa da ciyawa. Kalmar da muke kiran unguwanninmu da ita a yau, daga Lome har Kumasi, asalinta wurin da dabba take hucewa ne.

Salaga kanta a bakin daji take, ba a cikin kurmi ba. Sarakunan Asante ba su yarda fatake su shiga inda goro yake tsirowa ba, wannan siyasa ce, amma ko an bar su jakuna ba za su daɗe a can ba. A ka ake ɗauko goro zuwa Salaga, daga nan jaki ya karɓa. Abin sha'awa, kaya biyun kishiyoyin juna ne: goro yana lalacewa in ya bushe a arewa, sai ana yayyafa masa ruwa ana sake ganye, dabba kuma tana lalacewa in ta jiƙe a kudu. Dawaki ma haka. Daular Oyo ta yi ƙarfi da mayaƙan doki, amma daga arewa take sayo su kullum, kuma hare-haren da ta kai wa Dahomey a ƙarni na 18 da rani take kai su.

Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. Da yawa suka koma Kete-Krachi a ƙarƙashin Jamusawa, cikinsu har da Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934. Wasu suka gangaro bakin teku. Jamus ta kafa ikonta a Togo a 1884, ta mayar da Lome babban birni a 1897, kuma kafin ƙarnin ya ƙare Hausawa sun riga sun kafa unguwa a garin. Birni mai girma yana son nama, gajerun shanun kudu kuwa ba su isa ba. Daga nan dabba ta tashi daga mai ɗaukar kaya ta zama ita ce kayan.

Jirgin ƙasa ya kai Atakpame a zamanin Jamus, ya kai Blitta a 1934 a zamanin Faransa, kilomita 276 daga Lome, bai wuce nan ba. Saboda haka shanun da ke fitowa daga Nijar da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, da ƙafa suke cin mafi yawan hanyar. Kakana ya yi wannan kora yana saurayi. Ya ce da sanyin asuba da na yamma suke tafiya, wani lokaci da farin wata, da rana kuwa a nemi inuwa a bar shanu su kwanta su yi tuƙa. Ba a yada zango a cikin duhuwar bakin rafi, a shayar a yi gaba. Tafiyar makonni ce, shanu suna ramewa, wasu suna kamuwa da sammore. Amma tana da wani amfani ɗaya: jikin dabba yana samun lokacin sabawa, yana rage cin wutarsa a hankali yayin da iska take ƙara nauyi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Da garke ya iso, sai a shiga tsere da lokaci. Saniyar arewa ba ta ƙiba a Lome, kowace rana ragewa take yi. Baƙo ba zai iya zama wata guda yana jiran farashi ba, mahauci kuma ba shi da kuɗin biyan sa guda a take, sai ya yanka ya sayar. Dole a sayar da sauri, dole kuma a sayar bashi, ga baƙon da bai san kowa a gari ba. Wa zai tsaya a tsakani? Maigida. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ba ya biya, shi ke lamuni, shi ke cika asara in ta faɗo. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, Michel Agier kuma ya rubuta na Zangon Lome a 1983. Da na karanta su sai na gane abin da ya sa Baba ya zaro kuɗi daga aljihunsa a daren nan ba tare da gardama ba. Amanar maigida ita ce jarinsa, kuma raunin jikin dabba a iskar kudu yana cikin abin da ya haifar da ita.

A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birni aka mayar da shi Togblekope, arewa da gari. Gidaje suka rarrabu, namu ya faɗo Adidogome, amma cinikin bai mutu ba. Har yau tumaki da awaki suna Gbossime, wadda sunanta da harshen Ewe yake nufin kasuwar awaki, shanu kuma suna Adetikope. Manoman ƙasar ma sun nemo tasu mafitar. A yankin Vogan, gabas da Lome, an haɗa ragunan arewa da tumakin Jalonke har aka sami irin da ake kira tunkiyar Vogan, ta fi ta kudu girma, ta fi ta arewa jure wurin. Shanun Borgu ma haka aka same su, tsakanin masu tozo da gajeru.

Abin da ya sauya komai shi ne babbar mota. Tafiyar makonni ta koma ta kwana biyu ko uku. Daga Sinkase a kan iyakar Burkina zuwa Lome kilomita ɗari shida da wani abu ne, ta Dapaong da Mango da Kara da Sokode. Riba a fili take: dabba ba ta ramewa a hanya, tsando bai cika samunta ba. Amma an yi asarar sabon nan na sannu-sannu. Ragon da ya kwana a busasshiyar iska shekaranjiya, yau yana shaƙar ta teku. A cikin mota kuma kowace dabba murhu ce, kowace tana fitar da tururi, in an cunkushe su sai su jiƙa iskar da suke shaƙa da kansu. Muddin mota tana gudu iska tana ratsawa. Haɗarin yana tsayawa ne, a shinge ko a kan iyaka ko in mota ta lalace da tsakar rana. Madugun da yana kallon rana yana kallon hancin jakinsa. Direban yau agogo yake kallo da kuɗin mai, ba don mugunta ba, don ba wanda ya koya masa wancan karatun.

Dalilin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan yanzu shi ne lissafin wata. Kowace shekara Layya tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya. Ta yi shekaru tana faɗowa cikin damina da watannin Yuli da Agusta masu sanyi a bakin teku. Daga 2030 zuwa 2033 za ta dawo cikin Afrilu da Maris, inda take a shekarar balamina. Yawancin samarin da ke tsaron raguna a bakin titunan Lome yau ba a haife su ba a wancan zagaye, tsofaffin da suka kora shanu da ƙafa kuwa sun kusa ƙarewa. Kakana ya rasu, Baba ma ya tsufa ya bar mini turken.

Abin da na gada ba shi da yawa, ga shi. A yi lodi da sauƙi, a yi tafiyar dare, in an tsaya a tsaya a inuwa. Dabbar da ta sauka a ba ta ruwa da hutu kafin a ba ta dusa. Abinci mai nauyi da sassafe ne da bayan la'asar. Inuwar bishiya ko rumfar zana mai buɗaɗɗen gefe ta fi rumfar kwano. Kada a cunkushe su a turke ɗaya. A riƙa duban haki: in baki a rufe yake, a kai dabba inda iska ke kaɗawa; in ta buɗe baki ta zaro harshe, a jiƙa mata kai da wuya da ƙafafu, a yi mata fifita, a nemo likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Rumfar kwanon nan na rushe ta tun shekarar da gidan ya dawo hannuna. Darbejiya biyu na shuka a wurin, yanzu a ƙarƙashinsu ragunan baƙina suke kwana. Ɗana na fari ne yake ba su abinci, kuma na hana shi taɓa ƙwaryar dusa tsakanin hantsi da la'asar. Ranar da ya tambaye ni dalili, maganar Kaka na maimaita masa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika amanar abin da aka ɗaure a turkenmu.